Tsoron kujerar mai jan wasa: amsa ga wani ƙane daga Aboabo

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST da ke Kumasi, gidanmu a unguwar Aboabo. Na daɗe ina kallon Dungeons & Dragons a YouTube, har na shawo kan abokaina huɗu na bes ɗinmu, inda muke zaman hira, mu gwada. Da yake ni na kawo maganar, sun ce ni zan ja wasan. Yau wata uku ke nan kullum ina ɗagawa. Littattafan sun yi mini yawa, Turancin cikinsu ma wani iri ne, ban iya sauya murya ba, kuma ina tsoron su tambaye ni abin da ban shirya ba in yi tsuru-tsuru su yi mini dariya. Ga shi ɗaya daga cikinsu ya ce babansa zai ce caca muke yi. Ta ina zan fara? Ko dai in haƙura sai mun samu wanda ya iya?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka, wasan kana son sa, kujerar da aka ɗora ka a kai ce ta yi maka nauyi. Abu huɗu ka lissafa: yawan ƙa'idoji, rashin iya kwaikwayon murya, fargabar tambayar ba-zata, sai abin da za a ce a gida. Ukun farko tushensu ɗaya ne, maganinsu kuma bai kai yadda kake zato wuya ba. Na huɗun ne mai nauyi, zan bar shi sai can gaba. Tambayarka ta ƙarshe kuwa ga amsarta tun yanzu: kada ka jira kowa. A iya zagayen da nake yi a garin nan masu jan irin wannan wasa ba su da yawa, wanda za ka samu ma da rawar murya ya fara.

Saboda mai karatun da bai taɓa ganin abin ba, ga yadda yake. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya a cikin labari, ya ba shi suna da sana'a da hali. Mutum ɗaya, wato mai jan wasa, shi ba ya ɗaukar jarumi. Shi ne mai bayyana inda ake, shi ne bakin duk sauran mutanen da za a haɗu da su, shi ne kuma mai yanke abin da ya biyo baya idan wani ya ce zai yi kaza. In abin da aka ce za a yi yana da haɗari, sai a jefa dayis, irin na ludo, a ga ko an dace. Babu allo, babu wanda ke cin wani. A Amurka aka fara shi, Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a shekarar 1974, 'yan ƙananan littattafai uku a cikin kwali. Ƙa'idojin wancan bugu giɓi ne ko'ina, kowane tebur shi ke cike nasa da abin da ya ga ya dace. Ka riƙe wannan, domin wasan da kake jin tsoron ɓatawa da haka aka haife shi.

Inda tsoron ya samo asali

Na farko, abin da ka kalla. Da yawa daga cikin masu shigowa wasan nan ta YouTube suka shigo, kuma ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka fi jan mutane shi ne Critical Role, wanda aka fara watsawa a 2015. Matthew Mercer da ya fara jan shi, da duk waɗanda suka fara zama da shi, sana'arsu ita ce sa murya a katun da wasannin kwamfuta. Da muryar suke ci suke sha. Sun yi shekaru suna wasan a gida kafin a kunna musu kyamara, a 2019 kuma masoyansu suka tara musu sama da dala miliyan 11 don a mayar da labarin katun. Wannan kamfani ne, da ma'aikata da fitilu da masu haɗa taswira. Kuma su don 'yan kallo suke yi. Kai ba ka da ɗan kallo ko ɗaya, duk wanda ke wurin ɗan wasa ne, hankalinsa yana kan abin da jaruminsa zai yi, ba ya zaune yana auna ka.

Na biyu, littattafan. Bugu na biyar da ya fito a 2014 manyan littattafai uku ne, in ka haɗa shafukansu sun kusa 1,000. Wanda ya ga haka dole gabansa ya faɗi, balle mai fama da karatun jami'a. To amma ɗaya daga ciki jerin dodanni ne kawai, ana buɗe shi ne a nemo guda ɗaya a rufe. A na 'yan wasa kuma wani babban kaso jerin sihirce-sihirce ne da ba za ka taɓa buƙatar yawancinsu ba. Zuciyar ƙa'idar gajeriya ce: a jefa dayis mai fuska 20, a ƙara ɗan makin da jarumin yake da shi, a gwada da lambar da kai ka sa. Abu mai sauƙi 10, matsakaici 15, mai wuya 20. Da wannan kaɗai za ka iya tafiyar da mafi yawan zama.

Na uku ya fi ɓoyuwa, kuma ina ganin mu ya fi kamawa. Da tatsuniya muka tashi. Mai ba da ita in ta ce "ga ta nan ga ta nanku", labarin duk yana cikinta, daga fari har ƙurungus, mu namu sauraro. Sai sabon mai jan wasa ya ɗauka shi ma haka aka ɗora masa: ya zo da labari cikakke, mai daɗi, ya riƙe mutum huɗu awa uku da bakinsa shi kaɗai. Wa zai iya? A wannan wasa ƙarshen labarin ba ya hannunka. Kai matsala za ka kawo, su za su kawo abin da za a yi da ita, kuma mutum huɗu sun fi ka dabara komai shirinka.

Abin da aikin ya ƙunsa

Ka faɗi abin da suke gani. Ka tambaye su, "Me za ku yi?" Ka faɗi abin da ya biyo baya. Sai ka sake. Duk sauran abubuwa ado ne.

Bari in nuna maka da labarin da nake yawan fara wa sababbi da shi, don ba ya bukatar dodo ko sihiri, kuma duk ɗan Zango ya ji ƙamshinsa a bakin manya. Zamanin fataucin goro ne, lokacin da Salaga take babbar kasuwa. Goro na fitowa daga dazukan Asante, fatake su ɗaure shi huhu-huhu su ɗora wa jakai, su bi ta Yendi da Sansanne Mango, su ratsa Borgu, su ƙetare Kwara, sai ƙasar Hausa. Tafiyar watanni ce, goro kuma ba ya son bushewa, sai ana kwancewa ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe. 'Yan wasanka mutanen ayari ne: ɗaya jagaba, ɗaya malamin ayari mai rubutu da lissafi, ɗaya mai gadi, ɗaya yaron madugu. Sai ka buɗe da cewa:

"Kun iso bakin kogi da la'asar sakaliya. Ruwa ya cika ya batse. Mai fito ya ce kuɗin jiya ba shi ne na yau ba, ya ninka. Madugu na kwance zazzaɓi ya rufe shi, ba ya gane mutane. Yaron da ke duba kaya ya zo ya raɗa muku cewa huhu biyu sun fara wari. A bayanku kuma, can nesa, ƙura ta tashi. Me za ku yi?"

Shi ke nan, ka yi naka. Yanzu ka yi shiru. Wani zai ce a yi ciniki da mai fito, wani zai ce a nemi mashigi a sama, wani zai ce shi sai ya je ya ga ƙurar nan ta mece ce, kafin ka ankara sun kaure da gardama a tsakaninsu kai kana kurɓar ataya. Ka lura ban rubuta yadda za su ƙetare ba. Ni ma ban sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne daɗin da mai jan wasa yake samu.

Shirin irin wannan zama shafi ɗaya ne. Ka rubuta mutum uku da abin da kowannensu yake so: mai fito yana son kuɗi saboda ana bin sa bashi, wani bafatake a ayarin yana son madugu ya mutu ya gaje shi, masu ƙurar nan mahaya ne da sarkin yankin ya aiko karɓar kuɗin hanya. Ka rubuta abin da zai faru in 'yan wasa suka naɗe hannu: mahaya su iso da magariba, goro ya ci gaba da lalacewa, ayari ya rabu biyu. Daga ƙasa ka jera sunaye goma na maza da mata. Wannan jerin sunaye kada ka raina shi. Abin da ya fi kama sabon mai jan wasa shi ne a ce masa "Yaya sunan matar mai fiton?" ya daskare. In sunan na gabanka, sai ka karanto kamar da ma ka san ta.

Wace ƙa'ida za ku bi?

Hanya biyu ce a gabanka. Kuna iya yin Dungeons & Dragons ɗin kansa, tunda kamfanin Wizards of the Coast ya saki taƙaitattun ƙa'idojin kyauta a intanet, manhajar jefa dayis kuma tana nan a waya. In haka kuka zaɓa, ka sauko da takardun jarumai da aka riga aka cike, ka tsaya a mataki na ɗaya, wato na sababbin jarumai. Kada ka bari zaman farko ya tafi a haɗa jarumai, sababbi sukan cinye yamma guda a kan wannan su tashi ba su yi wasa ba.

Ni dai da za ka bi tawa, ka ajiye shi tukuna. Ka ciro dayis biyu daga kwalin ludon gidanku, in babu ka saya a kasuwar Kejetia, ka bi tsarin da Vincent Baker ya fito da shi a wasansa Apocalypse World a 2010. A jefa biyun a haɗa. In an samu 10 ko fiye, an yi nasara sumul. Daga 7 zuwa 9 an yi nasara amma da tsada. In 6 ne ko ƙasa, abu ya ɓaci, kai za ka faɗi yadda ya ɓaci. Wanda abin ya shafi sana'arsa ya ƙara 1. Dayis biyu hanya 36 suke faɗuwa: 6 daga ciki nasara ce tsantsa, 15 nasara mai tsada, 15 ɓaci. In an ƙara 1 ɗin nan sai ya koma 10 da 16 da 10. Ka ga ke nan tsakiyar tana da faɗi, kuma tsakiyar ce take rubuta maka labari. Jagaba ya jefa 8 wajen neman mashigi? Ya samu, amma ruwa ya tafi da jaki ɗaya, ko kuwa sun ƙetare lafiya amma mahaya sun ga inda suka bi. Ka ba shi zaɓi tsakanin biyun, ka ga yadda zai dafe kai.

Illar wannan hanya ita ce masu son lissafin faɗa, wane makami ya fi wane, taku nawa tsakanina da abokin gaba, ba za su ƙoshi ba. In abokanka irin waɗannan ne, bayan zama biyu ko uku sai ku koma babban wasan, lokacin ka riga ka saba da kujerar.

Abu ɗaya game da jefawa: kada ka sa a jefa sai in faɗuwa za ta haifar da wani abu. Mai gadi zai ɗaga huhun goro? Ya ɗaga, a wuce.

In suka yi abin da ba ka shirya ba

Za su yi, kowane zama. Ka shirya musu kogi, su ce za su koma ƙauyen da suka wuce su nemo wa madugu mai magani. Abin da nake yi na farko shi ne in mayar da tambayar. "Kai jagaba, ka taɓa bin hanyar nan. Wa ka sani a ƙauyen, kuma me ya sa ba ya son ganinka?" Ɗan wasan zai ƙirƙiro maka mutum da rigima a take, kuma zai fi damuwa da shi fiye da duk wanda kai ka rubuta. In wannan bai isa ba, ka ɗauko abin da ka shirya ka sauya masa wuri, mahayan da ke zuwa bakin kogi su tarar da su a ƙauyen. Babu wanda ya ga takardarka. In kuwa kanka ya ɗaure gaba ɗaya, ka ce, "Kun ba ni mamaki, ku ba ni minti biyar." A zuba ataya zagaye na biyu. Ban taɓa ganin teburin da ya ji haushin wannan ba, yawanci ma alfahari suke yi sun rikita mai jan wasa.

Gardamar ƙa'ida kuma, ka yanke a take da abin da ya fi kama da adalci, ka ce za a duba bayan an tashi. In shakka ta yi yawa ka ba ɗan wasa gaskiya. Buɗe littafi ana tsakiyar gudu ya fi kuskuren hukunci kashe wasa.

Murya ba dole ba ce. Kana iya cewa, "Mai fiton ya tofar da yawu, ya ce ba zai rage ko wuri ɗaya ba", da muryarka ta kullum. Ka ba kowane mutum alama ɗaya da za a tuna shi da ita: wannan ba ya kallon ido, wancan kowace magana sai ya rantse, waccan tana magana tana ƙirga kuɗi. Kuma ka ja wasan da Hausa, yadda kuke hira a bes, in Twi ko Turanci ya faɗo a bar shi. Rabin nauyin da kake ji na fassara kanka ne zuwa harshen littafin. Sai dai in ja kunnenka a kan abu ɗaya. Zango gidan kowa ne, a tebur ɗaya za ka samu Bazabarme da Bafulatani da ɗan Dagomba da ɗan Mosi. Kwaikwayon karin harshen wata ƙabila don a yi dariya shi ne hanya mafi sauƙi ga mai neman murya, shi ne kuma mafi saurin sa wani ya daina zuwa ba tare da ya gaya maka dalili ba.

Dariyar da kake tsoro kuwa za a yi ta, har da riƙe ciki. Abokanka ne. Yawancinta a kan wautar jarumansu za ta ƙare.

Wanda zai fi ba ka aiki shi ne abokin nan mai baki, kowane bes yana da shi, wanda zai amsa kafin kowa ya buɗe baki. Maganinsa ka daina jefa tambaya a tsakiya, ka riƙa kiran suna: "Malamin ayari, kai kana ina lokacin da ake wannan ciniki?" Mai shiru-shiru sau da yawa yana da dabara a ransa, jira yake a tambaye shi. Lokaci kuma, tsakanin La'asar da Magariba ya ishe ku. A Kumasi rana ba ta sauya lokacin faɗuwa sosai duk shekara, kana da awa biyu da 'yan kai, ga haske ko an ɗauke wuta, ga kiran salla da zai tashe ku ba tare da kai ka zama mai korar mutane ba. In ka ga lokaci ya kusa, ka tsaya a inda rai ke rataye, mahaya sun iso, shugabansu ya sauko daga doki. Su da kansu za su dame ka da tambayar yaushe za a ci gaba.

Maganar caca da abin da za a ce a gida

A nan sai in taka a hankali, domin ni mai jan wasa ne, ba malami ba. Caca dai babu ita, ba a sa kuɗi, babu mai ci babu wanda aka ci. Amma baban abokinka ba daga sama ya ɗauko damuwarsa ba. Akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsananin hani ga wasan nardu, wanda ake yi da dayis. Malamai da yawa suna ganin hanin ya hau kan wasan dayis ko babu kuɗi a ciki, akwai kuma masu sassautawa in babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Ba ni zan raba wannan gardama ba. Ku je wurin malamin da gidanku ya yarda da shi, ku kwatanta masa wasan yadda yake, kada ku rage kada ku ƙara, ku ji abin da zai ce.

Abin da zan iya gaya maka a fagena shi ne wasan ba ya mutuwa don an cire dayis. Tun 1991 aka buga wasa mai suna Amber da babu jefa komai a cikinsa. Na ja zama da dama da murafun kwalba: kowa a ba shi biyar, in yana son abu mai wuya ya yiwu sai ya biya ɗaya, in ya yarda wata masifa ta sami jaruminsa sai a mayar masa da ɗaya. Babu sa'a a ciki, zaɓi ne zalla, kuma za ka ga mutum yana jujjuya murfinsa na ƙarshe yana tunanin ko ya ceci jaki ko ya ajiye don gaba. Abin da ake rasawa shi ne ihun nan da ake yi idan lamba ta faɗo ba zato. An rage wani abu, amma wasa yana nan.

Haka batun sihiri da gumaka da ke cike da littattafan Dungeons & Dragons. A Amurka ma cikin shekarun 1980 iyaye da wasu coci-coci sun tayar da ƙura a kansa. Kafin ku fara, ka tambayi abokanka abin da ba sa so ya shigo labarin, ka faɗi naka, duk abin da mutum ɗaya ya ƙi a bar shi ba tare da an nemi hujja ba. Ayarin goro bai rasa komai ba don babu boka a ciki. Kuma ku yi wasan a fili, a tsakar gida ko ƙofar shago, inda babba zai wuce ya ji ana maganar Salaga da kuɗin fito. Na ga dattijon da ya tsaya sauraro ya ƙare da gyara mana hanyar da ayari ke bi.

Duk abin da na faɗa daga teburin abokai ne da suka san juna, irin naka. Jan wasa ga baƙi ko ta intanet yana da nasa matsalolin da ban taɓo ba. Kai dai ka tura saƙo a WhatsApp yau, ka sa ranar Asabar bayan La'asar, ka ce zama ɗaya ne na gwaji kuma kai ma koyo kake yi. In an tashi, ka tambayi kowa abin da ya fi masa daɗi da abin da yake son gani a gaba, ka rubuta, shi ne shirin zama na biyu. Bayan kun ƙetare kogin kuma ka miƙa wa mai bakin nan kujerar ya ja na gaba, kai ka ɗauki jagaba.